Gyaran da Nasiru Ya Yi wa Motar Baba

Baffanku Nasiru ya raba ni da motar da nake ciyar da ku da ita, kuma da sunan taimako ya yi hakan. Na sa wannan magana a farko don kada wanda ya gaji da karatu ya ajiye takardar bai kai gare ta ba. Na san abin da ake gaya muku a cikin gidan nan da wajensa. Ana cewa ƙanena ya zuba dukiyarsa ya gyara mini tsohuwar mota, ni kuma na kasa riƙe ta, na koma ina jin haushinsa don Allah ya ɗaga shi. Har ke Sadiya, ranar da na hana ki zuwa hutu gidansa a Abuja, na ji abin da kika ce wa uwarki a madafi. Ban tanka miki ba, don abin da kika tashi kika tarar ana faɗa ke nan. Ni ban yi boko mai nisa ba, rubutuna ba zai yi tsari irin na masu digiri ba. Amma a gabana aka yi komai, kuma yadda aka yi shi zan faɗa.

Motar ta kakanku ce. Tsohuwar jif ce mai buɗaɗɗen baya, mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ma'aikatan gona suka yi yayi tun ban san kaina ba, shi kuma ya saye ta a gwanjo. A ido ba ta da wani kyau, rana ta cinye fentinta, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Abin da ya bambanta ta da sauran motocin tashar Kontagora a ƙarƙashinta yake. Sifirin ɗinta na falle-falle ne, dogayen ƙarafa da aka jera kan juna aka ɗaure, kuma Baba bai bar shi yadda ya same shi ba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya kwance shi ya kai maƙera, a gasa kowane falle a buge shi ya koma lanƙwasarsa, in an dace da falle mai kyau a jikin wata matacciyar mota a yanka a ƙara. Haka aka yi ta yi har sifirin nan ya yi kaurin da ba a taɓa gani ba. In ba kaya a bayanta, motar nan azaba ce, tsalle take kamar ɗan akuya, fasinja har cizon harshe yake. Amma a loda mata dawa har buhuna su wuce kan direba, sai ta nutsu, ta ratsa rafi da yashi da kwazazzabo ba ta ko nishi. Sitiyarinta kuwa ba shi da wani taimako, ƙarfin hannunka ne kawai. In ta cika da kaya ka zo kwana, sai ka miƙe daga kujera ka ja da duk jikinka.

Baba ya rasu Nasiru yana firamare. Dattawan dangi suka zauna suka ce kada a sayar da mota a raba, a bar ta a hannuna tunda na iya tuƙi, in riƙe Inna, in ɗauki karatun yaro. Da haka na bar makaranta, da haka shi kuma ya yi tasa har ya kai inda ya kai. Ba gori nake yi ba, kowa a unguwa ya sani, sai dai yanzu ba mai son tunawa.

Hanyar da na gada daga Baba ita ce ta ƙauyukan Kambari da ke bayan Salka. Akwai yadda ake yi a can, kuma sai kun gane shi za ku gane asarar da na yi. Ba a rubuta komai, ba a ƙulla ciniki. Direban da ya shigo musu da damina, lokacin da hanya ta zama taɓo, ya kawo taki, ya fitar da mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, shi ne mai kayan kaka. In sun yi sussuka, ko motoci nawa suka zo suka tsaya a bakin masussuka, ba mai ba su buhu ɗaya, sai su jira nasu direban. In kuwa ka guje su da damina, to ka sallama kaka, kuma wanda ya shiga a madadinka ya shiga ke nan. Mai faɗa a ji a babban ƙauyen shi ne Tsoho Bulus, wanda ya yi abota da Baba tun suna samari. Kirista ne, dattijo a cocinsu, amma in na kai azahar a gidansa shi ke shimfiɗa mini buhu ya kawo ruwa a buta. Direba yake ce wa Baba, ni kuma Ɗan Direba yake kirana, har furfura ta fito mini bai canza ba.

A shekarar da nake ba ku labari, kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Tun ina gasa ta da ruwan zafi har ta kai in na dawo daga daji sai uwarku ta cire mini riga. Mai ɗori ya duba ya ce ba targaɗe ba ne, asibiti suka ce sitiyari ne ya cinye ta, in huta. Ina hutu ga mai baki goma a gida? Ana cikin haka Nasiru ya zo hutun Sallah, gab da faɗuwar ruwa. Da yamma na shigo da mota ina ƙoƙarin juya ta a ƙofar gida, ya ga yadda nake cije baki. Na fito na tarar yana zagaya ta, yana shafa jikinta, yana ɗaukar ta hoto da waya ta gaba da ta baya. Na ɗauka kewar Baba ce ta taso masa, har na ji tausayinsa. Bayan mun ci tuwo a ɗakin Inna ya kawo maganar. Ya ce a Abuja akwai garejin da ba abin da suke yi sai irin waɗannan tsofaffin motoci. Za su sa mata sitiyari mai aiki da famfon mai, wanda ko mace za ta juya da yatsa, su gyara ƙasanta ta daina tsalle. Ya ce in ba shi ita ya kai, kafin ruwa ya zauna sosai ta dawo, ba sisina.

Inna ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Uwarku kuwa sai da muka koma ɗaki ta faɗi nata. Kun san Hajara, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ta tsaya wa mutum a maƙogwaro.

"Ni dai ban ga ya dubi kafaɗarka ba," in ji ta. "Motar na ga yana duba."

Na ce mata ta ji tsoron Allah, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Ta ce to, ta juya ta ci gaba da ninke kayan yara. Na yi ta juya abin a raina har wayewar gari. Ga damina ta ƙarato, ga kafaɗa, ga Inna da ta riga ta gaya wa maƙwabta alherin da autanta zai yi wa yayansa. Wanda zai ce a'a a wannan wuri sai ya fi ni taurin zuciya. Na miƙa makulli.

Ruwa ya sauka, ya zauna, gero ya kai gwiwa, mota ba ta dawo ba. In na kira shi sai ya ce kayan suna kan teku, ko suna hannun kwastan, ko bakaniken ya yi tafiya. Na hau mashin na je wurin Tsoho Bulus, taɓo har cinya, na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ce akwai wani yaro mai akori-kura daga Salka da ya fara shigowa, ya ma fitar da matar jikan shi Tsoho Bulus asibiti, matasan gari suna cewa a ba shi kaka. Amma ya ce in kwantar da hankalina. A ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya tsayar da magidanta ya ce musu motar Direba ba ta taɓa guje musu ba tun kafin a haifi yawancinsu, jinya ta tafi, kuma ba a korar mutum don ya kwanta ciwo. Ya ɗora girmansa a kan maganar, suka yarda za su jira ni. Ku riƙe wannan, don shi ya fi ci mini rai har yau.

Sai da aka fara yankan dawa ta dawo. Nasiru da kansa ya tuƙo ta. Wallahi da na hango ta a bakin layi ban gane ta ba. An yi mata fenti ruwan ƙasa mai sheƙi, an ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyi masu kaushi, ga fitilu a jere a kanta, ga kujerun fata. Unguwa ta fito kaf, yara suna bin ta, mata suna leƙe ta katanga. Aka fito da Inna aka zaunar da ita a gaba, tana shafa kujera tana kiran sunan Baba. Sannan a gaban jama'a ta ce, Bawa, ka yi wa ƙanenka godiya. Na yi. Na riƙe hannunsa biyu na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi ta, don da na shiga na juya sitiyarin nan sai da hawaye ya zo mini. Kamar ana juya faifai. Na zaga da ita cikin gari, na bi ta kan ramuka, ko girgiza ba ta yi. Na ce ashe haka masu kuɗi ke ji a bayansu.

Da jama'a suka watse na kwanta na leƙa ƙarƙashinta. Ba sifirin Baba. A wurinsa an sa wasu murɗaɗɗun ƙarafa masu jan fenti, kamar na cikin katifa amma manya, da wasu sanduna masu shanye girgiza. Kunnuwan ƙarfen da tsohon sifirin ke rataye a jikinsu an yanke su, an goge wurin an shafe da fenti kamar ba a taɓa yin su ba. Na fito na tambaye shi ina aka kai na da. Ya yi dariya ya ce waɗancan tarkacen ai yaran gareji sun sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe tun tuni. Na tambaye shi ko wannan zai ɗauki kaya.

"Haba Yaya," ya ce, "daga waje fa aka kawo su. Motocin da ke hawa duwatsu su ake sa wa. Wane kaya ne zai gagare su?"

Washegari ya hau motar haya ya koma Abuja, ni kuma na kama hanyar Salka. Da na shiga ƙauyen, masussuka ta cika da buhuna an jera ana jirana, yaron nan mai akori-kura yana gefe a ƙarƙashin ɗorawa, ya zo ko zai samu ragowa. Tsoho Bulus ya taso da sandarsa, ya zagaya motar, ya leƙa fuskarsa a jikin fenti, ya ce da Hausarsa ta Kambari:

"Ɗan Direba, mu mota muka ce ka kawo, kai ka kawo mana amarya. Wannan in an ɗora masa dawa ba zai kai mu ƙara wurin uwarsa ba?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka fara lodi. Tun a layin farko na ga bayanta yana sauka, na ce ko haka sabon yake yi kafin ya zauna. Kafin a kai rabin abin da ta saba ɗauka, ta durƙusa. Bodi ya sauka a kan tayoyin baya, gaba ya ɗaga sama kamar kare mai haushin wata. Masu lodi suka tsaya da buhu a ka suna kallona. Na ce a bari haka, na shiga na tayar. Ba mu fita daga masussuka ba ƙaurin roba ya tashi, taya na gurzar ƙarfe tana kuka. Sitiyarin da nake yabo ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba, in na juya sai motar ta yi tunani kafin ta bi. A gangaren rafin da ke bakin gari ta yi wani layi, buhuna biyu suka zame suka fashe a cikin yashi, na ji tana neman kwantawa ta gefe. Na taka birki na kashe. Na zauna a ciki ina riƙe da sitiyari, ina jin mutanen gari suna tahowa a bayana.

Da kansu suka sauke kayan. Mata suka zo da ƙorai suna tsince dawar da ta zube. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni. Tsoho Bulus ya iso daga baya, don ƙafarsa ba ta sauri. Ya daɗe yana kallon jajayen ƙarafan nan, sannan ya ce in yi haƙuri, dawa ba ta jira, 'yan kasuwa na Kontagora sun riga sun aiko, kuma shi ya gama kashe bakinsa a kaina, ba shi da sauran abin da zai gaya wa yaran nan. Ya ɗaga sanda ya yafito mai akori-kura. Na ja motata gefe na ba shi hanya. Fanko na dawo gida, ba tsalle ba girgiza, a kan kujerar fata.

Ban zauna ba. Da sassafe na kai ta wurin mai walda na bayan tasha, wanda ya san motar tun zamanin Baba. Ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce aikin zai yiwu. Zai ƙera sababbin kunnuwa ya liƙa, a cire jajayen, a nemi sifirin falle ko na wace mota ce a kai maƙera su daidaita. Ba zai kai na Baba ba, amma za ta ɗauki kaya, ko ƙauyukan hanyar Mashegu na samu in fara daga farko. Sitiyarin ma a bar shi, ba ruwansa. Na ji sanyi a raina. Na bar ta a can na dawo gida cin abinci, ashe labari ya riga ni. Wani ɗan unguwa ya ga motar a wurin walda ya kira Nasiru, Nasiru ya kira Inna. Ban san abin da ya gaya mata ba, amma na tarar da ita a tsakar gida tana jirana, carbi a hannu. Ta ce yaro ya hana kansa ya hana iyalinsa ya yi mini gata, ni kuma zan sa a yayyanka motar da wuta don in nuna wa duniya bai iya ba. Na durƙusa na yi mata bayanin dawa da masussuka da Tsoho Bulus. Ba ta ji ko ɗaya ba.

"In ka bari wuta ta taɓa motar nan, Bawa, ban yafe maka nonona ba."

Uwarku tana bakin murhu, ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Ku da kuka san Inna a tsufanta kun san ba ta faɗin irin wannan da wasa. Kuna iya cewa da na lallaɓa ta, da na jira ta huce. Na jira. Na aika ƙanwarta, na aika limamin unguwa. Duk wanda ya je sai ta ce magana ɗaya ce, kuma in an matsa ta kama kuka ta ce ana so a raba mata 'ya'ya. Na je na ɗauko motar daga wurin mai walda ba a taɓa ta ba.

Na gwada jigilar fasinja zuwa Rijau, amma wa zai ciyar da gida da motar da ke shan mai kamar rijiya tana ɗaukar mutum kaɗan? Ana cikin haka tiyon famfon sitiyari ya fashe, mai ya tsiyaye. Na zaga duk masu sayar da kayan mota a Kontagora, ba mai irinsa, bakinsa daban ne. Aka ɗaura wani aka ɗaure da waya, ya sake fashewa. In kuwa ba mai a famfon, sitiyarin nan da manyan tayoyin nan ya fi na da tauri nesa ba kusa ba, ko mai kafaɗa biyu lafiyayyu ba zai iya ba. Na ajiye ta a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, awaki suna kwana a inuwarta. Mutane suna wucewa suna cewa, ka ga, an ba shi abu mai kyau ya kashe. Sai ga Nasiru ya kira, murya a sanyaye, ya ce ya ji abin da ya faru, kada in damu, zai aiko a ɗauke ta a kai wa waɗanda suka yi aikin su duba. Babbar mota ta zo aka ɗora ta a baya aka ɗaure da sarƙa. Inna ta ce in ga irin zuciyar ƙanena, duk da abin da na so in yi bai yi fushi ba.

Ba ta dawo ba. Shekara ta juyo, wata ta bi ta. In na tambaya, ana jiran kaya. Daga baya na daina tambaya, don ku da kanku kuka nuna mini ita a waya, tana kan wani dutse, Baffanku ya jingina da ita da baƙin tabarau, abokansa da irin nasu motocin a jere. Kuna murna kuna cewa ga motar Kaka. Ni kuma na koma tasha ina kamasho, ina kiran fasinja wa yaran da na koya wa riƙe sitiyari, suna miƙo mini abin da suka ga dama ta taga. Kafaɗar ta warke, zaman banza ya warkar da ita. Tsoho Bulus ya rasu, sai bayan an binne shi na ji, a bakin wani mai lodi. Duk wannan lokaci ban taɓa ce wa Nasiru komai ba. Ina zargi a raina, amma ba ni da tabbas, kuma Inna tana raye. Nakan ce wa kaina wataƙila wauta ce irin ta ɗan birni, bai san bambancin motar dutse da motar dawa ba.

A zaman makokin Inna na samu tabbas. Nasiru ya zo da abokansa daga Abuja, kuma a cikin motar ya zo. Ya ajiye ta a ƙarƙashin dalbejiyar nan, masu ta'aziyya suna shafa fatiha suna satar kallonta. Bayan la'asar ɗaya daga cikin abokan, wani mai ƙiba mai fara'a, ya matso kusa da ni a kan tabarma ya yi mini gaisuwa. Mutumin kirki ne, bai san abin da yake faɗa ba. Ya ce ashe ni ne yayan da ya riƙe wa Nasiru motar a gida, Allah ya saka. Ya ce tun shekaru kafin a kawo ta Nasiru ke damunsu da labarinta, yana cewa yana da wadda ta fi ta kowa tsufa a cikinsu, gadon mahaifinsa, tana can ana kashe ta da buhunan hatsi. Ya ce jajayen ƙarafan nan ma sun daɗe a ajiye a ɗakin Nasiru kafin motar ta iso, shi ya taya shi zaɓa, kuma mai garejin ya gaya musu ƙarara cewa in an sa su ta gama ɗaukar kaya har abada. Wai Nasiru ya ce wa mai garejin ai abin da ake so ke nan. Mutumin ya yi dariya, ya tuna a gidan makoki yake, ya haɗiye ta.

Na ce masa na gode. Na tashi na yi alwala, ba don ta karye ba, don in sami abin yi da hannuna.

Ranar da za su koma, dattawa suka tara mu a zaure, ni da shi, suka yi nasihar da ake yi, cewa yanzu ba uwa ba uba, mu riƙe juna, mu yafi juna. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Da suka fita ya biyo ni har gindin motar. Ya ce ya daɗe yana tunanin halin da nake ciki a tasha, abin ba ya yi masa daɗi. Ya ce su da abokansa sukan fita daji ƙarshen mako, kuma ba wanda ya san hannun motar nan kamar ni. In na yarda in koma Abuja, akwai ɗaki a bayan gidansa, in riƙa tuƙa su, zai riƙa ba ni albashi. Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙo mini, yana murmushi, yana jiran godiya.

Ban karɓa ba. Na tambaye shi abu ɗaya, ko ya san ba za ta ƙara ɗaukar kaya ba tun ranar da ya karɓe ta a hannuna. Ya dubi motar, ya dubi ƙasa, ya ce, Yaya, ai motar ta wahala, irinta ba su da yawa yanzu, da an bar ta da tuni ta mutu a daji. Abokansa suna cikin tasu motar suna jira, injin na aiki. Ban ɗaga murya ba, ba na so su ji. Na matsa kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa, na ce:

"Nasiru, da ka zo ka ce mini kana son motar ubanka, da mun zauna an raba gado, ko ka ɗauka ko in ɗauka, kowa ya san matsayinsa. Ba ka yi haka ba. Ka mai da makullinka aljihu, ka nemi direba a can. Ni ba zan zauna a mazaunin Baba ina jiran ƙanena ya ce mini tsaya nan mu ɗauki hoto ba. Dattawa sun ce mu yafi juna, kai ka amsa, ni ban amsa ba. Ban yafe ba. Na faɗa maka da bakina, ido da ido, don kada ranar da aka tsayar da mu gaban Allah ka ce ba ka sani ba."